Riga Biyu ta Fatar Karibu: Tarihin Tufafin Mafarautan Ƙasar Ƙanƙara

Wata safiya ta watan Janairu, hunturu ya kankama a Maraɗi, ina cikin aji da ƴan shekarar farko ta kolej, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni ma'anar wata kalma da ya gani a littafin Faransanci, wato "anorak". Na ce masa rigar sanyi ce mai hula, irin wadda rabin ƴan ajin suke sanye da ita daga wajen ƴan gwanjo. Ya ce, "Mushe, Faransawa ne suka ƙirƙiro ta?" Na ce masa eh, muka wuce. Da na koma gida na buɗe ƙamus, sai na tarar na yi wa yaro ƙarya. Kalmar ta fito ne daga harshen mutanen Girinlan, kuma rigar ma tasu ce. Washegari na gyara kuskurena a gaban aji. Tun daga ranar nake bin labarin mutanen nan da tufafinsu, kuma abin da na samu na ga ya shafe mu, iyaye da malamai.

Abin da ya ƙara ja na shi ne tunawa da kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, wanda maharbi ne. In zai fita dako da dare a lokacin ɗari, ba ya lulluɓa tun daga gida. Yakan naɗe gwadonsa ya saɓa a kafaɗa tare da buzu, ya tafi da ƴar shara da hularsa haɓar kada. Kakata takan yi ta faɗa, wai zai kashe kansa da sanyi. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: wanda ya isa wurin dako da jiƙaƙƙiyar riga, kafin asuba haƙoransa za su kori naman. Sai ya isa, ya zauna a kan buzu, zufa ta bushe, sannan ya lulluɓa. Ina yaro na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Ashe dokar da mutanen ƙarshen arewacin duniya suka gina rayuwarsu a kanta ke nan.

Maharbi da ramin numfashi

Mutanen da tsofaffin littattafanmu ke kira Eskimo, su sunan da suke kiran kansu shi ne Inuwit, ma'anarsa "mutane". Suna zaune a arewacin Kanada da Girinlan da Alaska. Kakanninsu sun taso daga Alaska suka bazu gabas shekaru 800 zuwa 1000 da suka wuce. A ƙasarsu ba a noma, itatuwa ma babu a mafi yawan wurare. A tsakiyar lokacin sanyi rana takan yi makonni ba ta fito ba, ma'aunin zafi kuma ya sauka digiri 30 ko 40 ƙasa da sifiri. Mu nan in ya sauka tsakanin 10 da 15 sama da sifiri da asuba, gari ya ɗauka ana hura wuta a kowane lungu. Ko a Bilma da duwatsun Abzin, inda dare ya fi tsanani, iyakarsa ya kusanci sifiri.

Abincin Inuwit na lokacin sanyi shi ne wata dabbar teku mai kitse da Faransawa ke kira fok. Teku yakan daskare, amma dabbar dole ta sha iska, don haka takan bar ƙananan ramuka a cikin ƙanƙara inda take leƙowa. Maharbi zai bi karensa har ya shinshino ramin, sannan ya tsaya a bakinsa a sunkuye, da mashi mai igiya a hannu, ƙafafunsa a kan guntun fata don kada dabbar ta ji motsi. Yana iya yin awa uku, ko biyar, ko yini guda a haka. To ga matsalar: kafin ya iso wurin ya yi tafiya mai nisa, wani lokaci da gudu a gefen karnuka masu jan amalanken ƙanƙara. Tafiyar tana sa zufa, tsayuwar tana bukatar ɗumi. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen sau 25. Jikin ɗan Adam yana aiki a digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35 sai makyarkyata da ruɗewa, daga nan sai barcin da ba a tashi. Saboda haka rigar da za ta ceci wannan maharbi dole ta hana sanyi shiga, kuma ta bar zufa ta fita.

Yadda matan Inuwit suka warware ta

Maganin ya fito daga karibu, wata babbar barewa mai ƙaho mai rassa da ke yawo garke-garke a ƙasar. Gashinta ba kamar na akuya ba ne. Cikin kowane sili kamar totuwar kara yake, ƙananan ɗakuna cike da iska, ita kuwa iskar da ke tsare wuri ɗaya ita ce ke riƙe ɗumi. Ba kowace fata ake ɗinki da ita ba. An fi son ta dabbar da aka harba a ƙarshen lokacin zafinsu, wajen Agusta da Satumba, lokacin da sabon gashi ya fito gajere mai kauri. Ta tsakiyar sanyi ta cika nauyi kuma tana zuba, sai dai a yi shimfiɗa da ita.

Maharbi yana sa riga biyu da wando biyu. Ta ciki, wadda suke kira atigi, gashinta yana fuskantar jiki, ba tare da wata ƴar ciki ba. Ta waje gashinta yana fuskantar iska. Tsakanin jiki da riga akwai iska, tsakanin riga da riga ma akwai iska. Ba a matse su, ba a kuma cusa riga cikin wando. In mutum yana tafiya ya ji zafi, sai ya ture hular baya ya sassauta wuya, iska mai ɗumi da laima ta fita ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. In ya tsaya sai ya ja hula ya ɗaure ƙugu. In aikin ya yi nauyi sai ya tuɓe ta wajen gaba ɗaya. Duk kayan nan nauyinsu bai kai kilo 5 ba.

Bakin hular ana kewaye shi da gashin kyarkeci ko na kare, ko na wata dabba dangin dage da ake kira karkaju. Dalili shi ne numfashin mutum yana daskarewa a gefen fuska, gashin karkaju kuwa da an kaɗe shi ƙanƙarar take zubewa. Takalmi, wanda suke kira kamik, da fatar fok ake yin na wurin laima, a sa safar fata a ciki. Zaren ɗinkin jijiyar bayan karibu ce, busasshiya, a tsaga ta siri-siri. Wajen ɗinka takalmi, allura ba ta huda fatar har ta ɓulla; tana shiga rabi ne ta fito, a yi layi biyu. In ruwa ya taɓa jijiyar sai ta kumbura ta toshe hudar. Dukawanmu za su gane ƙwarewar da ke cikin wannan. Har tabarau suna da shi, na ƙashi ko na itace mai ƴar siririyar tsaga, don hasken rana a kan dusar ƙanƙara yana makantar da mutum na kwanaki.

Duk wannan aikin mata ne. Mace ce ke kankare fatar da laushinta, ta yanka da wuƙarta mai kamar rabin wata da ake kira ulu, ba tare da awo da igiya ba, da ido da tafin hannu kawai. In maharbi ya dawo, kafin ya shiga ɗaki sai an bubbuge tufafinsa da sanda don kada dusar ta narke a kansu. Sannan a shanya safa da safar hannu a saman fitilar dutse mai cin kitse, a duba kowace ɓaraka a ɗinke ta a daren. Takalmin da ya bushe ya ƙandare, da haƙori mace take tauna shi har ya yi laushi. Yarinya takan fara koyo tun tana ƙarama, tana ɗinka wa ƴar tsanarta a gefen uwarta. Gidan da ba shi da mai ɗinki, maharbinsa ba ya fita, in bai fita ba kuwa kowa zai kwana da yunwa.

Akwai shaidar da ke nuna daɗewar wannan sani. A shekarar 1972 wasu ƴan uwa biyu da suka fita farautar tsuntsaye a wani wuri mai suna Qilakitsoq a yammacin Girinlan suka ci karo da kaburbura a ƙarƙashin dutse. Gawa takwas aka samu, mata shida da yara biyu, waɗanda sanyi da bushewar iska suka adana tun wajen shekarar 1475. Tufafinsu na nan, fiye da guda 70, na fatar fok da na karibu, har da rigunan ciki na fatar tsuntsaye. Tsarin hawa biyu da salon ɗinkin duk sun riga sun kammala tun lokacin.

Waɗanda suka raina

A watan Mayun 1845 rundunar ruwa ta Ingila ta tura John Franklin da jirage biyu, Erebus da Terror, su nemo hanyar ruwa da za ta ratsa arewacin Kanada zuwa tekun Pasifik. Mutum 129 suka shiga yankin. Suna da injin tururi, da abincin gwangwani na shekara uku, da ɗakin karatu. Tufafinsu na ulu ne da yadi irin na sojan ruwa, da takalman fata na Turai. A Satumban 1846 ƙanƙara ta kama jiragen kusa da tsibirin King William. Franklin ya mutu ranar 11 ga Yunin 1847. A Afrilun 1848 mutum 105 da suka rage suka bar jiragen, suka nufi kudu a ƙasa suna jan kwale-kwale masu nauyi. Ko ɗaya bai tsira ba. Yunwa da sanyi da ciwon rashin ɗanyen abinci mai ruɓar da dasashi suka gama da su, a ƙasar da Inuwit ke haihuwa suna renon jarirai.

Wanda ya fara kawo labarin ƙarshensu shi ne John Rae, likita ɗan tsibiran Orkney da ke aiki da kamfanin fatu na Hudson's Bay. Shi ya bambanta da sauran, domin ya koyi sa fata da gina ɗakin dusar ƙanƙara da farauta daga mutanen ƙasa, yana tafiya da mutane kaɗan da kaya kaɗan. A 1854 ya haɗu da Inuwit da suka sayar masa da cokulan azurfa na jami'an Franklin, suka kuma gaya masa abin da aka gani, har da cewa yunwa ta kai wasu ga cin gawar ƴan uwansu. Da labarin ya isa Landan aka yi masa ca. Matar Franklin ta tsaya kai da fata a kan ƙarya ne, marubuci Charles Dickens kuma ya rubuta cewa ba a yarda da maganar mutane irin waɗannan. Daga baya binciken ƙasusuwa ya tabbatar da maganarsu. Jiragen ma ba a gano su ba sai 2014 da 2016, kuma bayanin Inuwit ne ya taimaka aka kai gare su.

Wanda ya tambaya

Shekara 58 bayan tashin Franklin, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Roald Amundsen ya shiga wannan hanya da ƙaramin jirgin kamun kifi, Gjoa, su bakwai kacal. A Satumban 1903 ya yada zango a wani lungun ruwa a tsibirin King William ɗin nan, ya yi sanyi biyu a wurin yana awon maganaɗisun duniya. Garin da ke wurin yau sunansa Gjoa Haven. Inuwit na ƙabilar Netsilik suka zo suka yi zango kusa da shi. Amundsen ya ba su allurai da wuƙaƙe na ƙarfe, ya karɓi tufafinsu, ya ajiye nasa na ulu ya sa su kamar yadda suke sawa. Ya koyi tuƙa karnuka, ya koyi gina ɗakin dusar ƙanƙara, ya koyi tafiya ba gaggawa don kada zufa ta karyo. A 1906 ya fita ta Alaska, ya zama na farko da ya ratsa hanyar da jirgi. Matambayi ba ya ɓata.

Amfanin wannan karatu ya fito fili a ɗaya ƙarshen duniyar. A 1911 ƙungiyoyi biyu suka yi tseren isa ƙuryar kudu a nahiyar Antaktika: ta Amundsen da ta Robert Scott ɗan Ingila. Amundsen ya tashi a Oktoba da mutum huɗu da karnuka 52, da tufafin fata da aka ɗinka a kan salon Netsilik. Sun isa ranar 14 ga Disamba, suka dawo sansaninsu ranar 25 ga Janairun 1912 bayan kwana 99, dukkansu lafiya. Scott da mutanensa huɗu sun isa ranar 17 ga Janairu, suka tarar da tutar Norwe. Su da kansu suke jan kayansu, cikin ulu hawa-hawa da rigar tare iska a sama. Jan kaya yana sa zufa, zufar ta daskare a cikin tufafi da jakar barci, kaya su ƙara nauyi su rage ɗumi. Su biyar ɗin duk a hanyar dawowa suka mutu, ukun ƙarshe a cikin tanti wajen kilomita 20 daga rumbun abincinsu.

Kada malami ya gaya wa ɗalibai cewa riga kaɗai ce ta raba su. Abincin mutanen Scott bai ishe su ba, man girkinsu ya yi ƙaranci, kuma sun gamu da sanyin da ya wuce na kullum. Su ma suna da takalma da jakar barci na fatar barewar arewa, shi ma Amundsen yana da rigar tare iska ta yadi. Fata mai gashi ma ta yi wa mai jan kaya zafi da yawa. Abin da Amundsen ya ɗauko daga Netsilik tsari ne cikakke: kare ya ja kaya, mutum ya tafi a natse, jiki ya zauna a bushe, riga ta dace da aikin. Kayan da ya tara a wurinsu suna gidan tarihi a Oslo, kuma a 2013 an mayar da wasu Gjoa Haven.

Lokacin da makaranta ta raba ƴa da uwa

Sanin da sanyin shekaru ɗaruruwa bai kashe ba, ƙarni na 20 ya kusa kashe shi. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Kanada ta tattara Inuwit daga zangunansu zuwa garuruwa. An kwashi yara da yawa zuwa makarantun kwana masu nisa, inda aka canza musu tufafi aka hana su harshensu. A ƙasar baki ɗaya yaran ƴan asalin ƙasa wajen 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu, kuma a 2008 firaministan Kanada Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa. Yarinyar da ya kamata ta yi shekarunta a gefen uwarta tana koyon kankare fata, ta yi su a ɗakin kwanan makaranta. Ta dawo da karatu, amma ba ta iya ɗinka takalmin da ruwa ba ya shiga ba. Mu da muka yi lakwal a zamanin sambol, lokacin da ake rataya wa yaro abin kunya a wuya don ya yi Hausa a farfajiya, mun ɗanɗani kaɗan daga wannan, ko da yake nasu ya fi namu muni nesa ba kusa ba.

Abin bai mutu ba. Tsofaffin mata sun riƙe shi, kuma tun da aka kafa yankin Nunavut a 1999 ana gayyatarsu makarantu da cibiyoyin gari su koyar da ɗinki. Maharbin yau yana hawa babur ɗin ƙanƙara, yana sayen rigar kanti, amma da yawa in tafiyar mai nisa ce a tsakiyar sanyi, fatar karibu suke ɗauka. Kamfanonin kayan sanyi na duniya ma abin da suke koyarwa ke nan da sabbin yadudduka: ta ciki mai janye zufa, ta tsakiya mai tsare iska, ta waje mai tare guguwa.

Abin da ya rage mana

Sanyinmu ba ya daskarar da mutum a tsaye, amma dokar ɗaya ce. Kowace shekara ina ganin yara sun zo aji da ƙatuwar rigar leda a kan ƴar shara. Da safe ta yi daidai. Da an fita hutun ƙarfe goma sai su yi ta guje-guje da ita, su jiƙe sharkaf, su tuɓe ta, su zauna kusa da taga iskar hunturu na busa su. Ya fi kyau uwa ta sa wa yaro riguna biyu ko uku marasa nauyi, masu sakewa, waɗanda zai rage ɗaya bayan ɗaya yadda rana ke ɗagawa. A rufe masa kai da kunne da ƙafa, domin yaro da yawa yana zuwa da rigar sanyi amma da silifa. A tabbata kayan da aka wanke sun bushe sarai kafin a sa. Mu malamai kuma mu riƙa cewa su tuɓe ta sama kafin su fita wasa, su mayar in sun dawo sun huce. Ɗan kabu-kabu mai fita da asuba, da makiyayi, da mai gadin dare, duk wannan ya shafe su.

Ɗayan darasin namu ne mu masu alli. A unguwar kowane ɗalibi akwai maharbi, ko makiyayi, ko masaƙi, ko tsohuwar da ta san abin da babu shi a littafin aji, kuma yawancinsu babu wanda ya taɓa tambayarsu. A hunturun bara na ba ƴan ajina aikin gida: kowa ya je wurin wani tsoho a danginsu ya tambaye shi yadda suke kare kansu daga ɗari a daji ko a hanyar fatauci kafin zuwan kayan gwanjo, ya rubuto da Hausa. Wata yarinya ta kawo shafi uku daga bakin kakanta da ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, har da yadda ake naɗa rawani a rufe hanci da baki da dare. Ta ce da ta gama rubutu tsohon ya tambaye ta ko da gaske malamin ne ya aiko. Bana ma zan sake ba da aikin, kuma ina roƙon abokan aiki su gwada a nasu azuzuwan tun masu amsawar suna raye.